Farin Ribon Ɗin Safiyya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a hunturun da dusar ƙanƙara ta karya reshen bishiyar ƙofar gidanmu a Beltsville, can ƙasar waje. Ina kicin ina tankaɗen garin masara, sai na ji wani sauti yana tasowa daga ɗakin ƙasa, fat, fat, shuuu, kamar an shanya wanki iska tana kaɗa shi. A ɗakin nan jikata Safiyya take atisaye, ubanta ya shimfiɗa mata kafet, ya kafa madubi ya cinye bango guda. Na saba da ƙarar ƙwallonta, na saba da faɗuwar 'yan kulakenta, amma wannan sautin ban taɓa jin sa a gidan ba. Sai dai na san shi. Na goge hannu a zani, na sauka ina dafa bango saboda gwiwa. Ba ta kunna fitila ba, hasken 'yar tagar sama kawai ke shigowa. Sai ga yarinya tsaye a kan ƙafa ɗaya ta ba ni baya, da siririyar sanda a hannu, a bakin sandar kuma wani dogon ƙyalle fari fat, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, yana kewaya kanta, ya nannaɗe ya warware. Na zauna a kan matakala. Ta juyo tana haki tana dariya, ta ce da Turancinta wai in taya ta murna, an zaɓe ta za ta je gasa Turai, kuma wannan ne sabon ribon ɗin da malamarsu ta zaɓa mata. Na ce, "Ƙawata, sauke shi ƙasa." Ta ɗauka wasan jika da kaka ne. Ta ƙara cilla shi sama.

To, bari in koma baya kaɗan don ku fahimce ni. Tun Safiyya tana ƙanƙanuwa uwarta Maryam, wadda ke aikin jinya, ta kai ta wajen wasan nan, wai ko ta rage ƙiriniya. Ko da ɗana, wato ubanta, ya ɗauko ni daga gida, na tarar yarinya ta riga ta iya naɗe jikinta kamar tabarma, ta ɗora tafin ƙafa a kan ƙeya tana cin tuffa. Wasan 'yan mata ne, ana saka kiɗa, yarinya ta shiga tsakiyar kafet ita kaɗai, ta yi rawa tana lanƙwasa jiki da wani abu a hannu: wani lokaci ƙwallo, wani lokaci ƙaton zobe kamar bakin rariya, ko kulake biyu, ko ribon. Ta cilla sama, ta wuntsila, ta cafe ba tare da ta duba ba. Alƙalai na zaune a jere a gefe, ba mai murmushi, suna ba da maki. Da farko na yi ta mita a kan kayan da suke sakawa, har sai da aka ɗinka mata nata mai kai wa idon sawu. Daga nan kuwa, wallahi, na fi iyayenta shiga ciki. Ni ke taje mata kai da man kaɗanya in dunƙule gashin a tsakiyar ka, ɗaurin da ko za ta kwana tana juyi ba zai motsa ba. Ni ke gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi idan ta dawo yatsu sun yi ja. Ranakun Asabar mu shiga mota mu yi ta tafiya a kan titin nan mai kewaye gari, yau wannan makaranta, gobe waccan, ni da fulas ɗina na kunun gyaɗa. Malamarsu wata doguwar Baturiya ce, mutuniyar ƙasashen sanyi, mai dogon wuya da tafiya a hankali. Zalɓe na sa mata suna. Duk ranar da ta ga ƙosai a hannun Safiyya sai ta kalle ni, ni ma in kalle ta. Ranar da aka fara rataya wa jikata lambar zinare a wata gasa a Springfield, na miƙe na rangaɗa guɗa, ɗakin nan kaf ya juyo. Safiyya ta rufe fuska da hannu. Ni ko a jikina.

Duk tsawon lokacin nan ribon ɗinta masu launi ne, akwai shuɗi, akwai ruwan goro, akwai mai kala uku. Ban taɓa jin komai ba. Farin nan ne.

Ni 'yar masaƙi ce. A wani ƙauye na ƙasar Zazzau aka haife ni, a gida mai rumbu uku da rijiya a bayan danga. Babanmu yana saƙa a ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa a ƙofar gida, zarensa a miƙe har kusan bakin hanya, an danne ƙarshensa da dutse, ƙoshiya tana kai da kawo a hannunsa, ƙwas, ƙwas, tun daga hantsi har inuwa ta juya. Innarmu da sauran matan gida su gurza auduga su shiɓe ta, mu 'yan mata a ba mu mazari da alli mu yi ta kaɗi har yatsa ya yi kanta. Da damina mu kai abinci gona, mu tsinko kuɓewa da yakuwa a dawowa; da kaka mu yi roron gyaɗa, mu kori tsuntsaye daga gero da gwangwani. In an sami sarari sai carafke a gindin turmi, ko gaɗa a dandali, ki saki jiki ki faɗa baya ƙawaye su tare ki su cilla ki sama. A gaɗa ba wadda ta kai ƙanwata Lantana. Jikinta kamar ba ƙashi. Ita ce mai hawa katanga ta yi tafiya a kai, ita ce mai ɗaukar lemo da yatsun ƙafa ta kai baki, Inna tana yi mata tsawa tana ɓoye dariya.

Baba yana saƙa iri-iri, amma akwai farin sawaye, siririn ƙyalle mara ado da ake jerawa a ɗinke ya zama likkafani. A garinmu ba a jira sai an mutu. Idan ciwon tsoho ya yi nauyi, sai danginsa su zo wurin Baba da asuba su yi magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ɗaura farin zare. Ranar da yake wannan saƙar ba ya waƙa, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. In ya gama ya naɗe ya sa a cikin wani kwando a zaure, ya rufe da faifai. Abu ɗaya yake faɗa mana, ba da tsawa ba: "Kowane kaya nawa ku taɓa. Fari kuwa, kada wanda ya ɗaga shi sama kafin a ɗinke shi." Na taɓa tambayar Inna dalili, ta ce, "An saƙa shi da sunan wani, yana neman mai shi. Ki bar wa Babanku kayansa."

Wata damina Malam Tanko mai unguwa ya kwanta, har an daina ba shi tuwo sai kunu. Aka zo wurin Baba, ya saƙa, ya ajiye. Washegari kowa ya tafi gona, ni kuma aka aike ni rijiya. Ina dawowa da tulu a ka na ji fat, fat, shuuu, daga tsakar gida. Ina shiga na ga Lantana ta ɗaura bakin farin a karan dawa, tana gudu tana zagaya rumbuna, ƙyallen yana bin ta a sama kamar mai rai, kaji suna watsewa. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Sai ga Baba a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Bai dake ta ba. Ya karɓi karan, ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe, ya naɗe a hankali, sannan ya tsaya yana auna ta da ido daga kai har ƙafa. Wannan kallon ne ban manta ba. Kafin sati ya zagayo Malam Tanko ya tashi zaune ya nemi tuwo da miyar kuka. Sai da ya ga auren jikokinsa. Lantana kuwa zazzaɓi ya kama ta gero yana fitar da kai, ba ta ga girbi ba. Ba a ɗaura sabon zare ba. Na kwandon aka ɗauko, har ya yi saura.

Kun ga abin da na gani a ɗakin ƙasa ke nan.

Da yamma na sami ɗana a falo. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Injiniya nake ce masa kamar kowa. Na ba shi labari tun daga tushe. Ya saurara da ladabi, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Hajiya, don Allah. Camfi ne wannan, kin fi ni sani. Rai a hannun Allah yake." Na ce, "Na san a hannun wanda yake tun ba a yanke maka cibiya ba. Ni launi na ce a canza, ban ce a fasa tafiya ba." Maryam ta sa baki daga kicin, ta ce, "Mama, ƙyalle ne fa kawai, daga Japan aka aiko shi, inji ne ya saƙa." Na ce, "Injin ya gaya miki da sunan wa ya saƙa?" Suka yi dariya su biyu, irin dariyar da ake yi wa tsoho don a rufe magana. Duk da haka Maryam ta kai maganar gaban Zalɓe don ta faranta mini. Amsa ta dawo cewa kiɗan na dusar ƙanƙara ne, riga fara ce, ribon ma fari, an gama. Ni ba jahila ba ce a kan addinina, ina salla, na san ba ƙyalle ke kashe mutum ba. Amma kullum na ji sautin nan yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafuna sai in ture kwanon tuwo gefe. Ga yarinya tana ta ramewa saboda atisaye, idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo. Rannan ta fito daga wanka ta naɗe da farin tawul, na kau da kai.

Da muka je cefane Wheaton, a shagon da muke sayen daddawa da garin kuka, na sa aka ɗauko mini zoɓo mai yawa. Ba wanda ya tambaya, an san ni da zoɓo. Ana gobe tafiya, iyaye suka fita aiki, Safiyya ta tafi makaranta, gida ya rage ni kaɗai da ƙugin injin ɗumama ɗaki. Na buɗe jakarta. Ribon biyu ne, da na wasa da na ko-ta-kwana, duka farare. Na kwance su daga jikin sanda, na ɗora babbar tukunyar da muke dafa naman Sallah, na zuba zoɓo da gishiri, ya tafasa har tagogi suka yi gumi, na tsunduma su ina juyawa da muciya. Suka fito ja mai duhu, kamar goron da aka tauna. Na shanya a banɗaki, na goge da dutsen guga, na naɗe yadda na same su, na mayar. A ranar na ci abinci har da ƙari.

Da safe ihun Safiyya ne ya fito da kowa. Ta tsaya a tsakiyar falo da ribon a hannu biyu tana kuka tana zuba Turanci, na ji "Kaka" a ciki ya fi a ƙirga. Ban ɓuya ba. Na ce ni ce, kuma in aka kawo wani farin gobe, tukunya tana nan. Injiniya ya fita ya tsaya a bakin mota cikin sanyi. Maryam ta ɗauki hoto ta aika wa Zalɓe. Can amsa ta zo: launi ba laifi ba ne a dokar wasa, ba lokacin neman wani, su taho da shi haka. Na miƙa hannu zan gyara wa Safiyya hula, ta kauce. Haka suka tafi filin jirgi ita da uwarta, ba ta yi mini sallama ba. Ban damu ba. Na ce a raina ta yi fushi, ta dawo ta ci gaba da fushin har ta tsufa.

Ranar gasar ni da Injiniya muka zauna a gaban talabijin da safe, don can rana ta riga ta yi nisa. Ya haɗa da intanet, muna ganin 'yan mata na ƙasashe daban-daban suna shiga suna fita, kowacce da tutar ƙasarta a gefen allo. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta saƙon. Bai dube ni ba ya ce, "Hajiya, ashe ana auna ribon kafin a shiga. Duka biyun sun gaza tsawo. Ruwan zafi ya sa sun tsuke." Ni auduga na sani, na san yadda take sha da yadda take ja, wannan ƙyallen mai santsi ban san halinsa ba. Na ce, "To yanzu fa?" Ya ce wata yarinya 'yar wata ƙasa ta ara mata nata. Ban tambayi launi ba.

Aka kira sunanta, suka karya shi yadda suka saba. Ta fito tana taku a kan yatsu, kai a sama, ɗaurin gashin ba nawa ba. A hannunta fari ne. Fari fat, ya fi wanda na dafa haske.

Kiɗa ya tashi, wani sanyi-sanyi kamar mace tana kuka a bayan ɗaki. Ta fara. Ba zan iya faɗa muku abin da ta yi daki-daki ba, ni ƙyallen nake bi da ido. Ya yi sama, ya dawo, ya yi zobe-zobe a gabanta, ta ratsa ta ciki. Wajen tsakiya akwai inda take jujjuya shi ya kewaye jikinta, ta zube ƙasa ta mirgina ta tashi. Na sha ganin ta tana yi a gida. Ta juya, farin ya nannaɗe ta tun daga kafaɗa har idon sawu, ta kwanta a miƙe, hannaye a jikinta. A nan hoton ya tsaya.

Kiɗa ya ɗauke. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allo yana juyawa a kan cikinta. Ga jikata a kwance a kan shimfiɗa, a naɗe da fari, ido a rufe, ba motsi. Injiniya ya ce, "Intanet ne, Hajiya, yanzu zai dawo," amma na ji muryarsa, ba ta mutumin da ke cewa camfi ba ce. Ya danna wannan ya danna wancan. Bai dawo ba. Gidan ya yi tsit, har injin ɗumama ɗaki ya yi shiru. Ban san lokacin da na tashi ba, ni da ke dafa kujera kafin in miƙe. Na je na ɗora tafin hannuna a kan gilashin, daidai kan farin, na ce da ƙarfi, da muryar da ban san ina da ita ba, "Nawa ne. Kun ji? Ni ce babba, ni ce 'yar masaƙi. Da sunana aka saƙa. Nawa ne, ba nata ba." Ban san wa nake gaya wa ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni.

Hoton ya motsa a ƙarƙashin hannuna. Ya yi tsalle ya wuce gaba, sai ga ta tsaye ta riga ta gama, hannu ɗaya a sama, ƙirji yana hawa yana sauka, mutane suna tafi. Na koma na zauna. Injiniya ya tashi ya kawo mini ruwa da hannu biyu, ya durƙusa, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta. Safiyya ba ta ci lamba ko ɗaya ba a gasar. Sandar aro ta fi tata nauyi, an ce ƙarshen ribon ya taɓa ƙasa inda bai kamata ba, an rage mata maki, sunanta ya zo can ƙasa-ƙasa. Wadansu suka ce da da nata ta yi, da ta shiga cikin na gaba. Mai yiwuwa ne.

Da suka dawo ta gaishe ni daga bakin ƙofa, a tsaye, ta wuce ɗakinta. Kwanaki muna haka. Ta daina kawo mini kai taje, jakarta kuma ta koma kwana a cikin mota. Ban san abin da ubanta ya gaya mata ba, ban kuma san yaushe ba. Wata rana da la'asar ina kan sallaya ina jan carbi, ta turo ƙofa. Ashe yarinyar da ta ara mata ribon ta bar mata shi kyauta, wai haka suke yi a tsakaninsu. Ta ajiye shi a naɗe a kan gadona. Safiyya da ko "ina kwana" sai an matsa mata, ta dube ni ido cikin ido ta ce da Hausa, a hankali, tana lalubo kalmomin, "Kaka, an ce naki ne." Na duba fuskarta in ga ko fushi ne ko tausayi, ban gane ba. Na ce, "Nawa ne, ƙawata." Ta ɗan tsaya, sannan ta zauna a ƙasa ta juya mini baya ta kwance gashinta.

Yanzu ta girma, ta fi uwarta tsawo. Ta je ƙasashen da sunayensu ba sa zama a bakina, ta dawo da lambobi, wasu lokutan ta dawo da ƙafa a ɗaure. Rabin shekara ba ta gida. Ɗakin ƙasa ya cika da akwatuna da keken motsa jiki na ubanta. Ta yi wasa da kore, ta yi da baƙi mai ratsin zinare, ba ta ƙara ɗaukar fari ba, kuma ba wanda ya taɓa tayar da maganar a gidan nan. Mu a da, yaro a gabanka yake wasa, in ya ɗauki abin da bai kamata ba ka miƙa hannu ka karɓe. Yanzu sai dai ka zauna a kujera ka kalli naka a cikin gilashi, yana can bayan teku, ka yi ta addu'a kada hoto ya tsaya. Wani lokaci ina kewar ɗorawar ƙofar gidanmu da ƙarar ƙoshiya, ina kewar ƙanwata da ban san yadda fuskarta za ta kasance da furfura ba. Ribon ɗin yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ban taɓa ɗaurawa ba. Na gaya wa Maryam inda yake da abin da za a yi da shi. Ni dai ina nan, lafiyata ƙalau, kuma ba na gaggawa.